Na tara kofuna a tseren kat, amma kujerar babbar motar tsere ta gagare ni

Na daɗe ina jan ƙafa kan rubuta wannan labarin, don duk sanda na ɗauko zancen sai in ji kamar ina fama tsohon miki ne. Abin da ya sa na daure shi ne kwanakin baya wani uba ya tare ni a bakin filin tsere, ɗansa ɗan shekara 10 ya ci tsere uku a jere, mutumin nan idonsa har ƙyalli yake, yana tambayata wai a ganina shekara nawa zai ɗauki yaron kafin ya kai Formula 1, wato gasar tseren motoci mafi girma a duniya. Wallahi sai da na yi shiru, don na san irin wannan idon, idon Babana ne sak.

Ga wanda bai sani ba, kat ita ce 'yar ƙaramar motar tseren nan marar rufi marar ƙofa, bututun ƙarfe ne aka lanƙwasa aka ɗora masa kujera da inji a gefe, in ka zauna tsakaninka da kwalta bai fi faɗin yatsa biyu ba. Kusan duk direban da ka gani a Formula 1 a kanta ya fara, wannan kam gaskiya ne, kuma gaskiyar ce ta yaudare mu, don mun juya maganar ta baibai, muka ɗauka tunda duk wanda ya isa can ta nan ya bi to duk wanda ya yi fice a nan zai isa can.

Ina ɗan shekara 9 Baba ya sayo mini tsohuwar kat a hannun wani da ɗansa ya daina. Shi Baba bakanike ne, shi ke haɗa injin, shi ke ɗaure taya, shi ke tuƙa mu zuwa fili, shi ke riƙe agogo. Har yau in na rufe ido ina ganinsa, da na shigo daga zagaye kafin ma in cire hular kwano ya durƙusa ya ɗora tafin hannunsa kan tayoyi huɗun nan ɗaya bayan ɗaya yana jin zafinsu, sannan ya kwance fulogi ya ɗaga sama yana duba launinsa, sai ya zaro wani ɗan littafi da baƙin mai ya cinye bangonsa ya rubuta iskar taya da lokacin kowane zagaye. Ba ya yabo. In ya ce "ba laifi" to ranar na yi abin kirki ke nan.

Kuma na iya, ba yabon kai ba. Kafin in cika 12 kofuna sun cika saman durowa har Umma ta fara ƙorafin ƙura. Abin da na fi so shi ne ranar ruwan sama, don in kwalta ta jiƙe ƙarfin inji ba ya aiki sosai, sai wanda hannunsa ya san inda taya za ta kama, a irin ranakun nan nakan wuce yaran da kat ɗinsu ta ninka tawa kuɗi sau nawa. Ranar da rana ta buɗe kuwa sai mu koma lissafi. Tayar tsere ba ta daɗewa, zagayen farko-farko ne take da cikakken kamu, daga nan sai raguwa, masu hali kowane fita da sabuwa, mu kuwa da yamma in an watse Baba kan zagaya bayan rumfunan manyan ƙungiyoyi ya tsinto waɗanda suka yar, da su nake atisaye. A lokacin ban ga komai a ciki ba, har daɗi nake ji wai muna doke su da jujinsu.

Idona ya fara buɗewa ne ina shekara 14, da muka haɗa 'yan kuɗi muka je Italiya, don can ce cibiyar wannan harka, manyan kamfanonin da ke ƙera kat irin su Tony Kart da CRG da Birel duk a can suke. A filin South Garda da ke Lonato na ga abin da ban taɓa gani ba. Manyan tireloli, rumfa kamar ɗakin taro, kowane yaro da bakanikensa shi kaɗai, da mai duba masa bayanan kwamfuta, da mai koya masa tuƙi, da injina a jere a kan kanta ana gwadawa ana zaɓen wanda ya fi. Akwai yaran da kusan a nan suke rayuwa, karatu ta intanet, kowane mako suna kan kwalta. Injin ma yawanci haya ake yi wurin masu gyara shi, kuma ba sai an gaya maka wa za a ba mafi lafiya ba. A irin wannan tseren yara talatin za su iya cunkushewa cikin abin da bai kai sakan ɗaya ba, kashi biyu cikin goma na sakan ya isa ya ɗauke ka daga layin gaba ya jefa ka tsakiya, tsakiya kuwa nan ake karo a kwanar farko. Na samu na shiga zagayen ƙarshe na gama a tsakiyar jerin, mutane suka yi ta cewa wanda ya zo da inji ɗaya ya yi haka ai ya yi bajinta, amma masu farautar yara na makarantun horar da direbobi na ƙungiyoyin Formula 1 irin su Red Bull da Ferrari da Mercedes ba sa tambayar inji nawa ka zo da shi, sunayen saman takarda suke dubawa, kuma suna so su ga sunan nan a sama sau da yawa, mu kuwa zuwa ɗaya ne ƙarfinmu.

Sai kuma jiki ya shigo da nasa. A kat akwai mafi ƙarancin nauyin da doka ta sa, ana auna ka tare da motar bayan tsere, in ba ka kai ba sai a ɗaure maka dalma a jikin kujera. Ina ƙarami dalma har huɗu ke jikin kujerata. Cikin shekara guda na miƙe kamar ana ja na, muka cire ta ɗaya bayan ɗaya har ta ƙare, daga nan nauyin ya fara wuce iyaka, kowane kilo kuma agogo yana gani. Na shiga horar da kaina da yunwa a ɓoye, har wata rana jiri ya ɗebe ni ina fitowa daga kat, Umma ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba. Haƙarƙarina kuwa sau biyu yana tsagewa saboda matsar kujera a kwana, ban gaya wa kowa na biyun ba don kar a hana ni fita.

Duk wannan lokacin akwai labarai biyu da muke ci muke sha da su a gida. Na Lewis Hamilton, zakaran Formula 1, wanda babansa ya riƙa haɗa ayyuka da yawa don ya riƙe shi a kat, har ƙungiyar McLaren suka ɗauke shi a 1998 yana shekara 13. Da na Esteban Ocon, shi ma ya kai Formula 1, wanda iyayensa suka sayar da gidansu suka koma kwana a motar ɗaki suna bin filayen tsere da shi. Duka biyun gaskiya ne. Amma ba wanda ke ba ka labarin gidajen da aka sayar yaron bai kai ko'ina ba, don waɗannan ba a gayyatarsu hira, kuma sun fi yawa nesa ba kusa ba. Mu ba gida muka sayar ba, garejin Baba ne ya tafi, wanda ya shekara da shekaru yana ginawa, ya koma aiki a ƙarƙashin wani sa'an ƙanensa. Ni a lokacin ban ma ji nauyin abin ba, ina ganin ai bashi ne zan biya in na zama wani.

Da kuɗin garejin aka saya mini gwajin kwana ɗaya a motar Formula 4 ina shekara 16. Ita ce matakin farko bayan kat, hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta kafa ta a 2014, daga shekara 15 ake shiga. Ranar ba zan manta da ita ba. Aka zura ni ciki kusan a kwance, aka ɗaure ni da bel har numfashi ke yi mini wuya, ba na iya juya wuya, gabana sai sitiyari da saman tayoyi da madubi biyu ƙanana waɗanda ban taɓa amfani da irinsu ba. Duk abin da jikina ya haddace cikin shekara bakwai sai ya zama rabi amfani rabi cikas. Kat ba ta da shakazoba, tayoyinta na baya sanda ɗaya ce ta haɗa su, sai ka sa ta ɗage tayar baya ta ciki kafin ta yarda ta sha kwana, kuma da jikinka kake jin komai kana karkata kana taimaka mata. Wannan kuwa mai nauyi ce, in ka taka birki nauyin ya gangara gaba, in ka ba ta wuta ya koma baya, sai ka jira ta. Ga fukafukai da ke danne ta ƙasa in tana gudu, wato a kwana mai sauri sai ka yarda cewa ƙarin gudu shi ke ƙara mata kamu, abin da hankali ba ya ɗauka da wuri. Birkin ma daban, dukan farko ake yi da dukkan ƙarfin ƙafa sannan a riƙa saki a hankali, injiniyan ya nuna mini layin a kwamfuta ya ce nawa kamar tudu yake hawa, alhali kamata ya yi ya tashi tsaye kamar bango. Da safe na yi ta juyawa ina fita hanya, da yamma kuwa na matso kusa da direbansu da abin da bai wuce rabin sakan ba, shi kuma ya riga ya yi gwaji a motar nan ba adadi.

Aka kira mu ofis ni da Baba. Shugaban ƙungiyar ya yabe ni sosai, ya ce ya daɗe bai ga wanda ya kama mota da wuri haka ba, ni kuma zuciyata na ta bugawa ina jiran ya ce mun ɗauke ka. Sai ya turo takarda gaban Baba. Kuɗin kakar tsere guda ne, dubban ɗaruruwan Yuro, ban da kwanakin gwaji, ban da tafiye-tafiye, kuma duk abin da na fasa mu za mu biya. Baba ya cire tabarau ya goge ya mayar ya sake karantawa. A nan na gane abin da ba wanda ya taɓa zaunar da ni ya gaya mini, cewa a ƙananan matakan nan direba ba ma'aikaci ba ne, kwastoma ne. Ƙungiyar da kuɗin direbobi take biyan albashi da sayen taya, ba mugunta ba ce, sana'arsu ke nan. A ƙwallo in kana da ƙafa kulob ne zai biya ka, a nan kai za ka biya a bar ka ka nuna abin da ka iya.

Kuma wannan matakin farko ne fa. Bayansa akwai Formula Regional, sai Formula 3, sai Formula 2 inda ake maganar miliyoyin Yuro a kaka ɗaya, kowane mataki shekara ɗaya ko biyu, kuma ba ko wace ƙungiya za ka shiga ba, don motocin iri ɗaya ne a takarda amma ƙungiyoyin da ke cin tsere sanannu ne kuma su suka fi tsada. Kafin a ba ka lasisin Formula 1 sai ka tara maki 40 cikin shekara uku daga sakamakon waɗannan gasanni. A ƙarshen duk wannan kujera 20 ce kacal a lokacin, a duniya baki ɗaya, masu su kuma ba tashi suke yi ba, wani sai ya shekara 15 a kai. Oscar Piastri ya ci gasa uku a jere, ta ƙarshe Formula 2 a 2021, duk da haka 2022 a benci ya yi ta. Felipe Drugovich ya ci Formula 2 a 2022 ya ƙare a direban jiran ko-ta-kwana. Waɗannan fa su ne suka haye dukkan matakan suka ci. Ka kuma dubi su wa ke isa: Max Verstappen babansa tsohon direban Formula 1 ne, mahaifiyarsa ma 'yar tseren kat ce, Lance Stroll kuwa babansa ya jagoranci sayen ƙungiya sukutum a 2018. Ba cewa nake ba su iya ba, Verstappen kam ai sai dai a sara masa, amma ƙofar da muke ƙwanƙwasawa su a cikin gidan aka haife su.

Shekara guda na yi ina neman masu ɗaukar nauyi. Wasiƙa kan wasiƙa, yawanci ko amsa babu, wanda ya amsa kuma tambayarsa ɗaya ce, mutum nawa ke kallon tseren? Ba ni da amsa mai daɗi, don ƙananan gasanni masu kallonsu iyaye ne da 'yan harkar. Daga baya na fahimci yawancin sunayen da ke manne jikin motocin yaran nan kamfanonin iyayensu ne ko na abokan iyayensu. A nan dole in faɗi nawa laifin. Ban iya magana da mutane ba, ga girman kai, ina ganin agogo zai yi magana a madadina, in an haɗa ni da mai kuɗi sai in sunkuyar da kai in bar Baba da bayani, alhali akwai yaran da ba su kai ni gudu ba amma sun iya shiga ɗaki su sa mutum ya ji yana son ya zama cikin tafiyarsu. Karatu kuma na yi masa riƙon sakainar kashi, ina cewa me direba zai yi da takarda.

A ƙarshe da bashi da taimakon wani ɗan'uwan Umma muka sayi tsere na ƙarshen mako biyu a wata ƙaramar ƙungiya, da fatan wani zai gan ni. Abin da ya faru a cikin motar shi ne abin da na fi so iyaye su ji. A kat ban san tsoro ba, in na ga rata ko ta kai tafin hannu zan cusa kai. A nan kuwa duk kwanar da na tunkara sai farashin fiffiken gaba ya faɗo mini a rai, sai in ɗaga ƙafa kaɗan, kaɗan ɗin da ido ba ya gani amma kwamfuta na gani. Yaron da ke gefena in ya fasa mota gobe za a kawo masa wata, saboda haka yana gwada iyakarta yana koyo, ni kuwa ina tuƙi da bashin Baba a kan cinyata. A mako na biyu na ce yau dai ko a mutu ko a yi rai, na tashi da kyau na wuce mutum uku, a zagaye na biyu wani ya taɓa tayata ta baya na juya na daki shinge. Lokacin da motar ta tsaya ban duba ko na ji ciwo ba, ƙafar motar ta gaba da ta karye nake kallo ina lissafi.

A wajen ajiye motoci Baba ya daɗe zaune bai tayar da mota ba, takardar kuɗin gyara na hannunsa. Can ya ce, "Yaro, ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Ka yafe mini, iya ƙarfina ke nan." Mutumin da ya sayar da garejinsa shi ke neman gafarata. Na kasa cewa komai, kuma rashin maganar nan ya daɗe yana cina fiye da haɗarin.

Shekara biyu ban kalli tsere ba. Na zama mai saurin fushi, ba na fita, Umma ta kwashe kofunan ta zuba a kwali don ta ga in na kalle su raina ɓaci yake. Wata rana na ci karo da hoton wani yaro da na sha dokewa a kat yana kan mumbari a babbar gasa, na yi kwana uku ina cewa kuɗi ne kawai. Sai daga baya na yarda da abin da ya fi ɗaci, cewa a yanzu ya fi ni iyawa da gaske, don shi ya samu dubban kilomita a mota ni na samu kwana biyar, baiwa kuma in ba a ba ta kwalta ba tsayawa take inda aka bar ta. Kuɗin ba kujera kawai ya saya masa ba, har ƙwarewar ya saya masa lokacin samunta.

Abin da ya fara sanyaya mini zuciya labarin Terry Fullerton ne. A 1993 aka tambayi Ayrton Senna, zakaran Formula 1, wa ya fi jin daɗin karawa da shi a rayuwarsa, mutumin da ya kara da wani zakaran irin Alain Prost, sai ya ambaci Fullerton, abokin tserensa na kat, zakaran duniya na 1973, wanda bai taɓa zama direban manyan motocin tsere ba. Shi kansa Senna bai taɓa cin kofin duniya na kat ba, na biyu ya zo a 1979 da 1980. Akwai kuma Mike Wilson da ya ci kofin duniyar sau 6, in ba ɗan harkar ba ne kai da wuya ka taɓa jin sunansa. Na kuma gano a makare cewa akwai wasu hanyoyin cin abinci da tuƙi, tseren motocin GT, wato motocin alfarma masu rufi da aka gyara don tsere, da na dogon zango irin na Le Mans a Faransa da aikin gwaji a kamfanoni, su ma ba a shiga hannu rabbana, amma da mun kalli can tun farko wataƙila da kuɗin garejin ya fi nisa. Mu Formula 1 kawai muka sa a gaba kamar babu sauran mota a duniya.

Na koma na ƙarasa karatu da kyar, ina aji ɗaya da ƙannena. Yanzu aikin da Baba ya yi mini shi nake yi wa 'ya'yan wasu, ina haɗa musu kat ina koya musu layin da ake bi a sha kwana, da shi muka biya bashin a hankali, alhamdulillah. Littafin nan mai baƙin mai yana cikin akwatin kayan aikina. Baba bai ƙara taka filin tsere ba, amma duk daren Lahadi sai ya kira ya tambaye ni iska nawa na sa a taya.

Shi uban yaron nan da na fara da zancensa, daga ƙarshe na ce masa, "Ranka ya daɗe, ɗanka ya iya, wannan ba shakka. Amma ka zauna da mahaifiyarsa ku yanke abin da za ku iya rasawa ba tare da gidan ya girgiza ba, in an kai nan a tsaya, kada ya taɓa jin cewa shi ne zai biya, kuma kada ya bar makaranta ko na zango ɗaya." Fuskarsa ta canza, ya ce ai Hamilton ma ba ɗan masu kuɗi ba ne. Na ce haka ne. Muna cikin haka yaron ya rugo da hular kwanonsa a hannu yana cewa kat ɗin na zame masa ta baya a kwana ta uku, sai na durƙusa na ɗora tafin hannuna kan tayar.